Yayen Rumki

Kwana uku ke nan da Shefali ta bar 'yarta Rumki a garinsu Barisal, a hannun surukarta, amma har yau ƙirjinta bai san an yi yaye ba.

Surukar ce ta tsara komai. Yarinya ta kusa shekara biyu, ba ta cin shinkafa, ba ta cin kifi, kullum tana manne da uwa. Muddin tana ganin Shefali ba za ta saki ba, don haka su tafi Nepal kwana biyar, ita da mijinta Mizan, su sha iska. Shefali ba ta yi musu ba. Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, sau huɗu a rana take shiga banɗaki ta tatse, don kada nonon ya ƙafe. Wata biyu da suka wuce gudawa ta kwantar da Rumki, ta ƙi komai sai nono, shi ya riƙe ta kwana shida. In suka koma suka tarar yarinyar ta rame, Shefali tana so a ce akwai abin da za ta ba ta.

Yau kuma Mizan ya dage sai sun hau dutsen da ke bayan garin Pokhara da ƙafa, ba da mota ba. Mutumin da ko benen ofishinsu sai ya huta sau biyu.

"Maman Rumki, juyo mana ki ga tafkin garin can ƙasa. Daga ko'ina ake zuwa kallonsa."

"Na gani."

"Ba ki ma duba ba."

"Ruwa ne dai. A cikin ruwa aka haife ni, garinmu duk koguna ne."

Ya zauna a kan matakala yana haki, ya zare hular sanyin da ya saya jiya. Gumi har wuya.

"Kai ka ce awa ɗaya," ta ce. "Ga ta uku muna ciki."

"Wanda ya gaya mini awa ɗaya akuya ce ta haife shi."

Ta miƙa masa ruwa, ta ci gaba. Matakalan duwatsu ne, wasu dogaye wasu gajeru, suna ratsa gonakin gero da gidaje. Ba ta jin gajiya, ba ta jin daɗi. Ƙafa dai tana ɗagawa tana sauka. Lokacin tatsa ya wuce tun ɗazu, ƙirjin ya yi tauri kamar an cusa mata duwatsu a riga, ta ja gyale ta rufe.

Ana dab da azahar suka kai sama. Gajimare ya ɗan janye, ga manyan duwatsu can nesa, ƙanƙara ta rufe su farare tas, jere, har inda ido ya tsaya. Mutane suna ta ɗaukar hoto, wata yarinya tana share hawaye. Shefali ta tsaya ta kalla yadda ya kamata. Sai ta ga kamar kalandar da ke rataye a ɗakin likitan Rumki.

"Akwai sabis," in ji Mizan. "Bari in kira Umma. Ke matsa gefe, kin san sharaɗin."

Ta san shi. Kada yarinyar ta gan ta, kada ta ji muryarta. Ta tsaya a bayan kafaɗarsa, inda take ganin wayar amma wayar ba ta ganinta.

"Umma, ina jikar taki?"

"Ga ta nan, tana neman cinye mini gida."

Hoton ya juya. Rumki tana zaune a tabarma, ƙafafu a baje, kwano a tsakani. Shinkafa da miyar wake da dakakken dankali, tana ci da hannu biyu, har a gira. Shefali ta duba idanun, ba su faɗa ba. Ta duba wuyan hannun, ta duba leɓen. Ta matso da baki kunnen Mizan.

"Tambaye ta fitsari sau nawa."

Ya tambaya.

"Gaya wa likitar da ke bayanka sau biyar tun safe. Ta ɗauka ban gan ta ba? 'Ya'ya shida na yaye, har da kai mai ƙaton kai."

"Ta yi kuka?" Wannan shi ya tambaya da kansa.

"Ranar farko ta yi. Jiya ta tambayi uwarta sau ɗaya. Yau ko tambaya ba ta yi ba."

Rumki ta ɗaga kwano tana neman ƙari, sai layin ya yanke.

"Kin gani?" Mizan ya ce a hankali. "Alhamdu lillahi."

"Alhamdu lillahi," ta ce. Ta jira ta ji wani abu, murna ko kishi. Babu abin da ya zo, sai ɗumin da ya jiƙa mata riga.

Akwai rumfar shayi a gefe, ta wata tsohuwa mai zobe a hanci. Shefali ta je ta tambayi banɗaki da guntun Indiyancin da ta tsinta a fim. Tsohuwar ta dubi rigar, ta dubi hannuwanta da babu yaro.

"Ina shi, 'yata?"

"Mace ce. Tana gida."

"Tatsa za ki yi, ko ɗaurewa ya ƙafe?"

Shefali ta ɗan tsaya. Daga nan tana jin Mizan yana roƙon wani ya ɗauke shi hoto.

"Ɗaurewa."

Tsohuwar ta ciro kabeji daga bokitin ruwan sanyi, ta ɓare manyan ganye biyu, ta murza su da kwalba. A bayan labule ta sa mata su a ƙirji, ta naɗe gyalen ta ja da ƙarfi har numfashin Shefali ya tsaya.

"Kwana uku za ki sha wuya. Kada ki taɓa, ko ya yi zafi."

Ta fito. Mizan ya dube ta, ya dubi ɗaurin. Ya karɓi jakarta ya haɗa da tasa.

Gangarowa ta fi hawa ciwo, kowane taki sai ta ji shi a ƙirji. Ta ce ya shiga gaba, kuma kada ya yi sauri.