Jan Ɗigo a Ƙarƙashin Baƙi

Buraima ya tsura wa takardar ido. Duk inda harafin Yarabanci mai ɗigo a ƙasa ya kamata ya fito, sai ɗan akwati fanko, kamar tagogin gidan da aka tashi.

Aikin na Baba Tiyamiyu ne, tsohon direban wani gida a unguwar Ulaisha, can ƙasar waje. Shekara tara yana raɗa wa abubuwan kwamfuta suna da harshensu: babban baƙi, ƙaramin baƙi, ratar da ke tsakanin kalmomi, har ɗan layin nan mai ƙiftawa kamar yana jiran a tanka masa. 'Yarsa, malamar makaranta a Ilori, ke jira ta koyar da shi. Littafin da ya rubuta sunayen a ciki ya ragargaje, shi ya sa Buraima ya ɗauki alkawarin buga masa a shagon da yake aiki a unguwar Gubaira. Ga shi yau bayan la'asar jirgin tsohon zai tashi zuwa gida, tafiyar da ba dawowa.

"Bagobiri, bawana! Ka gama, ko in sayar da kai?" in ji Baba daga bakin ƙofa.

Da ya ga takardar sai dariyar ta ɗauke.

"Waɗannan ramukan fa? Ciki za ka binne ni?"

"Injin ne bai san baƙaƙenku ba, Baba."

"Yalla, salla!" in ji mai shago da harshen ƙasar, wato a fito salla, hannunsa kan ƙofa.

Nan Buraima ya tuna malaminsa na Tsibiri, wanda kan rubuta shafi da baƙar tawada tukuna, sannan ya bi shi da jan wasali. Nan take ya mayar da haruffan tsirara, babu ɗigo, ya buga shafi arba'in, ya zari jan biro.

Bayan sallar azahar suka zauna a inuwar masallaci. Baba na nuni da farce, Buraima na ɗigawa. Rana na gudu. Saura shafi shida motar da za ta kai Baba filin jirgi ta iso tana oda.

"Kawo biron, na ƙarasa a jirgi," in ji Baba.

Buraima ya dubi hannun tsohon yana karkarwa, ya waiwayi shago, sai ya faɗa motar.

Ɗigon ƙarshe a ƙofar filin jirgi ya sauka, daidai da taka birki, ya ja wutsiya.

"Bar shi," in ji Baba, yana cusa takardun cikin riga. "Zan ce musu tsagar Gobir ce."