Lallen Huda

Shekara da shekaru Zaratu ce mai yi wa amaren Zango lalle, har ciwon suga ya sauka a idonta. Likita a asibitin Bantama ya ce ƙwayoyin da ke rungume da ƙananan jijiyoyin jinin idon sun mutu, jijiyoyin suna yoyo, sababbin da ke tsirowa kuma ba su da ƙwari. Wata bayan wata ana yi mata allura a ido. Duhun dai bai yaye ba.

Da bikin 'yarta Huda ya zo, dangi suka ɗauko mai zanen lalle daga unguwar Krofrom.

"Ku zuba mata waakye ta ci ta koma," in ji Zaratu. "Hannuna bai makance ba."

Ta lalubi ƙafar Huda, ta jera siraran filasta, ta shafe da lalle, ta ɗaure. Da aka kwance, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa fatar. Ja kawai take gani, dishi-dishi.

"Ya kama?"

"Ya kama, Mma. Layi ɗaya ne ya karkace."

"Bar shi, a san hannuna ne."

Ta daɗe riƙe da ƙafar, tana bin layin da yatsa, ko idon zai nuna mata shi sau ɗaya.