Fansar Dobrivoje

A shekarar da Jamusawa suka mamaye Sabiya, Svetolik Pantelić ya karɓi shugabancin gundumarmu daga hannunsu. Tsohon ɗan majalisa ne, kuma yana jin harshensu. Yau in an ambace shi, wasu su tofar da yawu su ce maci amana, wasu su ce garkuwa ya zame wa talakawa. Duk sun ɗora masa ƙarfin da bai taɓa samu ba. Kujera da hatimi aka ba shi, shi kuwa ya ɗauka iko ne.

Ana gobe slavarsa, bikin waliyyin gidansu, mayaƙan daji suka harbe wani sojan Jamus a hanyar jirgin ƙasa. Kafin rana ta yi tsaka an kwashe maza daga kasuwa an kulle su a rumbun hatsin tasha. Kowa ya san ƙa'idar: ran Bajamushe ɗaya, ran mutum ɗari. Cikin waɗanda aka kama har da Dobrivoje, malamin makaranta, wanda Svetolik ya riƙe a coci ranar baftisma ya raɗa masa suna. Wannan ya sa Svetolik ya zama kum ɗin gidansu, wato uban baftisma, kuma a wurinmu ana iya juya wa ɗan'uwa baya, amma ba kum ba.

Stanija, uwar Dobrivoje, ta shigo gidan Svetolik ta ƙofar kicin, ta tarar da shi tsaye kan matarsa Leposava tana kwaɓa burodin biki.

"Kum, ɗanka yana rumbu."

"Na sani. Zauna, ki sha wani abu."

"Ban zo sha ba. Kai ka ba shi suna, sai ka je ka kira shi ya fito."

Ya ce gobe zai gayyaci manjon Jamusawa bikin. In mutum ya ci burodin slava, ya ɗanɗana dafaffiyar alkama a gaban kyandir, ba ya iya cewa maigida a'a.

Leposava ba ta ɗago ba. "Sveto, wa ya karanta wa Bajamushe wannan dokar? Kakarka?"

"Mutum ne mai ilimi. Yana kaɗa piyano."

"To, sai ya kaɗa mana."

Manjon ya zo, da kwalbar giya a hannu da ladabinsa. Rabin baƙin da suka saba zuwa duk shekara suka ji labari suka zauna a gida. Ya ci burodi, ya ci kifi da wake, ya yaba alkamar har ya nemi ƙari. Ya yi ta tambaya kan al'adar, yana gyaɗa kai kamar ɗalibi. Da Svetolik ya ga ya saki jiki, sai ya sunkuya ya yi roƙonsa.

"Da farin ciki," in ji manjon. "Ka ɗauki ɗanka. Sai dai adadin daga sama ya zo, ba ni da ikon rage shi. Gobe ka kawo wani a madadinsa. Kai ka fi sanin mutanenka."

"To ga ni. A sa ni."

Manjon ya yi dariya ya dafa hannunsa. "Kai kam muna buƙatarka."

Stanija tana bayan ƙofa, ba ta jin Jamusanci, amma ta karanci fuskar kum ɗinta. Da ya fassara mata, ba ta yi kuka ba. Sai ta ce, "Jevrem mai faskare ba shi da kowa."

"Stanija, ji abin da kike faɗa."

"Ina ji. Allah ya tambaye ni, ba kai ba. Kai dai kai shi."

Da safe ya fita ya bi ta kasuwa, yana fatan wata dabara ta faɗo masa. Duk wanda ya cire masa hula, sai ya tsinci kansa yana auna shi: wannan yana da 'ya'ya, wancan yana da tsohuwa, wannan ya zaɓe shi sau biyu. Ya isa bayan coci ba tare da ya yanke shawarar zuwa can ba. Jevrem yana zaune kan kututture, tsoho mai haƙori uku, yana warin barasar jiya.

"Ranka ya daɗe, slava ta wuce ba a aiko min ko kan kifi ba?"

"Akwai itace a tasha, Jevrem. Suna neman mai faskare."

"Jamusawa? Suna biya, ko su ma irinka ne?"

Ya saɓa gatari ya biyo shi. Duk hanya yana surutu, yana zagin gwiwarsa, yana ba da labarin wata bazawara da ta ƙi shi tun zamanin tsohon sarki. Svetolik yana gaba, bai waiwaya ba.

Ƙofar rumbun a buɗe take. Ciki babu kowa, sai tattaka da huluna a ƙasa. Saje mai gadi ya ce motoci sun kwashe mazan tun fitowar rana, zuwa ramin da ake ɗibar ƙasar bulo, kuma har motocin sun dawo babu kowa a ciki.

"Amma manjo ya yi min alkawari."

"Manjo ya tafi Belgrade da jirgin safe. Bai bar saƙo ba." Sajen ya dubi tsohon. "Wannan fa? In ajiye shi? Ba a rasa wani karon."

Svetolik ya girgiza kai.

"Me yake cewa?" in ji Jevrem. "Ina itacen?"

"An riga an faskare. Mu koma."

"Ka taso ni a banza kenan. To barasa tana wuyanka, ranka ya daɗe."

Suka juyo. Hanyar tasha miƙaƙƙiya ce, ana hango mai zuwa tun daga gada. Can Stanija take tsaye da rigar sanyin ɗanta a hannu. Idonta ya yi rauni, abin da ta iya gani kawai shi ne maza biyu suna tahowa. Ta fara ɗaga rigar sama tana kaɗawa, sannan ta tattare siket ta taho da gudu irin na tsofaffi. Svetolik ya rage tafiya, ya ƙara ragewa, amma hanyar ba ta da kwana.