Hancin Mai Turare

Karo na uku ke nan Mai Turare ta kai bakin kwalbar hancinta ta ja numfashi, karo na uku kuma ba ta ji komai ba. Man wardi ne, wanda in aka buɗe shi har Tela da ke shago na gaba sai ya ɗaga kai daga kekensa. Yau kuwa da shi da ruwan famfo duk ɗaya suke a wajenta. Kwana huɗu ke nan mura ta kama ta, ta toshe hancin ƙam, ta ɗora mata nauyi a goshi da ƙarƙashin idanu.

Shekara ashirin da shida tana haɗa turare a wannan ɗan shagon, ba ta taɓa rubuta ma'auni a takarda ba. In aka tambaye ta dalili sai ta ce takarda ba ta da hanci. Gaskiyarta kuwa, don man da ake kawo mata ba ya zuwa iri ɗaya. Na wannan wata ya yi ƙarfi, na wancan ya yi sanyi, hancinta ne ke raba gardama.

Sai ga shi hancin ya zaɓi wannan makon ya tafi hutu. Yau da ƙarfe huɗu manajan otal ɗin da ke sayen turaren ɗakunansa a wajenta zai zo ya shinshina sabon haɗi. Wani kamfani ya kai musu nasa mai araha, manajan kuma ya ce yau zai yanke shawara. Otal ɗin nan shi ne rabin cinikin shagon. In ya tafi, ita ma ta san ba za ta daɗe ba za ta bi bayansa da kwalabenta a kwali.

"Mama, ko in shinshina miki?" in ji Auta, 'yarta, daga bayan kantar shagon.

"Ke dai ki ji da liƙa takardun kwalaben nan."

Auta ta koma kan takardu. Shekararta ashirin da bakwai, ita ke wanke kwalabe, ita ke karɓar masu saye, ita ke share shago, amma teburin haɗi bai taɓa ganin hannunta ba sai in za ta goge shi. A idon uwarta har yau yarinyar nan ce da ta taɓa kifar da kwalbar miski tana 'yar shekara tara.

Da safe, kafin ta fito daga gida, Mai Turare ta kaɗa garin maganin mura a ruwan zafi ta sha. Da ta iso Tela ya ji yadda take magana ta hanci, ya ciro wata ƙwaya daga aljihunsa ya ce ita ce ta buɗe nasa makon jiya. Tela mutum ne mai son taimako, ko ciwon kunne ka ambata yana da abin ba ka. Ta haɗiya. Ƙofar hanci ɗaya ta ɗan buɗe zuwa hantsi, sannan ta sake rufewa. Abin da ya rage mata shi ne zuciya mai bugawa da sauri da hannu mai rawa. Ta ɗauki bututun ɗigo za ta sa ɗigo biyu na man lemo, biyar suka zuba.

Ta ajiye bututun ta duba agogo. Sha biyu da rabi. Lissafinta mai sauƙi ne: in ƙwaya ɗaya ta buɗe ƙofa ɗaya, biyu za su buɗe duka. Ta yafa mayafinta.

"Ina zuwa. Kada ki taɓa komai a teburin nan."

Kemis ɗin yana tsallaken titi, tsakanin mai gyaran waya da shagon takalma. Mai Kemis, wata siririyar mace mai gilashi, ta san ta sarai, don duk wata a nan take karɓar maganin hawan jininta.

"Sannu da zuwa, Mama. Wannan murya kamar daga cikin tulu?"

"Bari kawai, 'yata. Irin wannan nake so." Ta miƙa ledar ƙwayar da Tela ya ba ta. "Ba ni fakiti. Biyu zan sha yanzu, kafin la'asar nake so hancin nan ya buɗe."

Mai Kemis ta juya ledar ta karanta bayanta. Ba ta nufi kantar magani ba. Kujera ta jawo.

"Zauna tukuna. Wa ya ba ki wannan?"

"Tela."

"To, Tela ya iya ɗinki. Me kika sha ban da ita?"

"Ba komai. Sai garin nan na mura da ake kaɗawa a ruwan zafi. Wannan ai ba magani ba ne, kamar shayi ne."

Mai Kemis ta ɗauko irin sa daga kantar magani ta nuna mata, Mai Turare ta gyaɗa kai. Sai ta ɗora fakitin kusa da ledar ƙwayar, ta sa farce a kan wani dogon suna da ke jikin kowanne.

"Duba nan, Mama. Abu ɗaya ne a ciki. Biyun da kike so ki sha ai kin riga kin sha su tun safe, yanzu huɗu kike nema. Miƙo hannunki."

Na'urar awo ta matse damtsenta ta saki. Mai Kemis ta dubi lambar, ta juyo da ita. Ɗari da saba'in da biyu a sama. Mai Turare ba ta san lambobin nan sosai ba, amma ta san likita yakan yi murmushi ne in ya ga ɗari da talatin.

"Ƙirjinki na ciwo? Numfashi fa? Kina gani sosai?"

"Ba ciwo. Zuciyar ce dai ke gudu, kai kuma ya ɗan yi nauyi."

"Kin san yadda maganin nan yake buɗe hanci? Jijiyoyin jinin da suka kumbura a ciki yake matsewa. To, shi bai san iyakar hanci ba, duk jijiyoyin jiki yake matsewa. Mai lafiya zai iya sha na 'yan kwanaki, daidai yadda aka rubuta, ba ƙari, ba haɗi da wani maganin mura, kada kuma ya wuce mako guda. Ke kuwa mai hawan jini, sai likitanki ya ce to. Wanda kike sha kullum yana buɗe hanya, wannan yana rufewa."

"'Yata, ki ji. Ƙarfe huɗu mutumin otal zai zo. In ban ji ƙamshi ba shagona ya tafi. Yau kaɗai. Gobe ko kallonsa ba zan yi ba."

"Ba zan sayar miki ba, Mama. Kada garin neman gira mu rasa ido. Kuma ko ya buɗe, ba lallai ƙamshi ya dawo yau ba."

Ran Mai Turare ya ɓaci. Ta yi tunanin akwai wani kemis a ƙarshen layi, inda ba a tambayar mutum komai sai kuɗinsa. Har ta gyara mayafi za ta tashi, sai ta ga hannunta a kan cinya yana rawa shi kaɗai. Ta tuna ɗigo biyar ɗin nan. Ta kuma tuna yayarta, wadda hawan jini ya kwantar shekara shida, cokali ma sai an kai mata baki. Tsoro ya kama ta, ta koma ta zauna.

Mai Kemis ta ba ta ruwa, ta bar ta ta huta kusan rabin awa tana sallamar wasu, sannan ta sake awo. Ya sauko kaɗan. Ta kira asibitin da Mai Turare ke zuwa, aka ce ta zo gobe da safe, in kuma ƙirji ya yi ciwo ko kai ya tsananta kada ta jira goben. Ta ba ta ruwan gishiri na fesawa a hanci, ta ce ta yi sirace da ruwan ɗumi, ta yawaita shan ruwa, ta ɗaga matashi in za ta kwanta.

"Wannan zai buɗe kafin huɗu?"

"A'a. Kwana biyu ko uku. Amma ai ba ke kaɗai ke da hanci a shagon ba."

Ƙarfe biyu saura ta dawo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon teburin haɗi, da jerin kwalabensa masu ruwan ƙasa, da bututun ɗigo a cikin kofi. Ta jawo kujerar roba gefe ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Auta. Wanke hannunki ki zo nan."

Auta ta ɗago ta dube ta. Ta je ta wanke hannunta ta zo.

"Ki zubar da wancan haɗin, na ɓata shi. Wardi ɗigo goma, sandal shida, lemo biyu. Ki riƙa gaya mini abin da kika ji."

Ta zaci za ta ga hannu yana ɗari-ɗari. Sai ta ga Auta ta riƙe bututun tsakanin yatsu biyu, ta ɗiga, ta juya kwalbar sau uku, ta tsoma siririyar takarda ta kaɗa a iska kafin ta kai hanci. Haka ita ma take yi, har da ɗan lumshe idon.

"Wardin nan ya fi na wancan wata ƙarfi, Mama. Bakwai zai isa."

"Goma nake sawa."

"Bakwai zai isa," Auta ta sake faɗa a hankali.

Bakin Mai Turare ya cika da magana, amma da me za ta yi gardama? Wanda ba ya jin ƙamshi ba shi da ta cewa a shagon turare. Ta ɗaga hannu ta ce a yi. Haka suka ci gaba, uwa na faɗa 'ya na ragewa, ita kuwa tana fesa ruwan gishiri tana share hanci tana jin kamar baƙuwa a shagonta. Tela ya leƙo ya tambayi ko ƙwayar ta yi aiki.

"Ta yi, har ta so ta wuce gona da iri. Daga yau in ka ga ina tari, zare za ka ba ni."

Manajan ya iso huɗu da minti goma, mutum mai tumbi da agogo mai ƙyalli, yana amsa waya. Auta ta miƙa masa takardar gwaji. Ya shinshina, ya kashe wayar, ya sake shinshinawa. Ya ciro ta kamfanin daga aljihu ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mai Turare ta riƙe bakin kujera.

"Wannan shi ne," in ji shi. "Nasu yana da araha, amma yana sa baƙi atishawa. Gaskiya, Mama, shekara biyu da suka wuce na so in bar ki, don turaren ya fara yin nauyi, har ana kawo mini ƙara. Sai bara kika sassauta hannu. Ki ci gaba da yin sa haka, za mu ci gaba da saye."

Ya yi sallama ya fita.

Mai Turare ta san ba ta sassauta komai ba bara. Ta juya ta dubi 'yarta, wadda ta duƙufa tana goge teburin da ba shi da datti.

"Tun yaushe?"

Auta ta ajiye tsumman. "Tun bara, Mama. Hannunki ya fara nauyi, kina ƙara ɗigo don ba kya ji kamar dā. In kin shiga salla sai in gyara. Na ji tsoron in gaya miki."

"Kullum?"

"Ba kullum ba. Sandal har yau ba wanda ya kai ki."

Abin ya yi mata ciwo, ba ƙarya. Shekara guda tana alfahari da hancin da ake bi a baya ana yi masa gyara, yau kuma saura ƙiris ta ba da zuciyarta don ta buɗe shi. Ta so ta yi faɗa. Sai dariya ta zo mata ta toshasshen hancin, wata irin ƙara mara daɗin ji, har da hawaye. Auta ta tsaya tana kallonta, ba ta san ko ta gudu ko ta taya ta ba.

"Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji Mai Turare tana share ido da bakin mayafi. "Gobe da safe ina asibiti. Ke za ki buɗe shago."

"To, Mama."

"Akwai haɗin matar nan mai salun gyaran gashi, kwalba shida." Ta tashi, ta ɗauki bututun ɗigo daga cikin kofi ta sa a hannun 'yarta. "Ba sai kin jira na shiga salla ba."