Shagon Anisatu Ya Riga Buɗewa

Rafi'atu ta daɗe tana sayar da atamfa da leshi a kasuwar Salaga. Wanta Jibirilu ne ke aiko mata da kaya daga Bawku, shi kuma yana ɗauko su daga ƙetaren iyaka. Matan zango sun san in ana neman zanen da ba a gani jikin kowa ba, shagon Mma Rafi'a ake zuwa.

Shagon da ke manne da nata na Anisatu ne. A hannun Rafi'atu ta koyi sana'ar tun kafin ta yi aure, har ta tsaya da ƙafarta ta kama ɗaki a gefenta. Anisatu tana kiranta Yaya. Kayanta ba su taɓa kai na Rafi'atu ba, kuma haka zaman ya yi wa Rafi'atu daɗi. In mai saye ta raina farashi, sai ta nuna mata ƙofar Anisatu da haɓa ta ce, "Je ki can, akwai na daidai aljihunki."

Da cutar korona ta zo, aka rufe layin masu zane, aka bar masu doya da hatsi kawai. Iyaka ma aka rufe ta. Kowa ya koma gida yana sauraron rediyo.

Ana cikin azumi mota mai lasifika ta zaga unguwanni tana shelar cewa an yarda a buɗe, amma da sharaɗi: bokitin wanke hannu a ƙofa, takunkumi a fuska, ban da cunkoso. Nan da nan gari ya rabu. Wasu suka ce alhamdulillahi, yunwa ta kusa yi musu abin da cutar ba ta yi ba. Wasu dattawa suka ce an yi gaggawa. Fadlullah mai gyaran babur kuwa cewa ya yi shi dai bai taɓa ganin wanda ta kama ba, ya buɗe tun kafin motar ta gama zagayen.

Rafi'atu ta kira wanta a waya.

"Yaya, an buɗe mana. Yaushe kaya za su iso? Sallah fa ta matso."

"Wane kaya, Rafi'a? Ko ƙyalle ba ya shigowa. Ni kaina zaune nake a ƙofar gida. Ki yi haƙuri dai."

Ta je shagon ita kaɗai, ta buɗe ƙofa kaɗan ta leƙa. Kantocin duk wayam, sai wasu turame da suka shekara ba wanda ya taya. Ta mai da ƙofar ta kulle. Ba za ta bari matan Salaga su ga shagonta haka ba.

Washegari Anisatu ta buɗe nata. Ta ajiye sabon bokiti shuɗi mai famfo, da sabulu, da benci a waje. Kuma kaya cike da shagon, har ta rataye wasu a igiya a bakin ƙofa. Rafi'atu ta gan su da idonta lokacin da ta zo sayen kayan miya. Atamfa mai kyau, da mayafai, da saƙi mai ratsin baƙi da fari. Mata sun yi layi suna wanke hannu suna dariya a bayan takunkumi, kuma yawancinsu nata ne, waɗanda ta yi shekaru tana zaɓar musu zanen biki.

Anisatu ta hango ta, ta fito da sauri har da rusunawa.

"Yaya, ina kwana? Yaushe za ki buɗe? Layin ba daɗi ba ke."

"Ni?" Rafi'atu ta gyara takunkuminta. "Ni ina son raina. Cutar nan ba ta tafi ba. Wanda ya ga zai iya tara mutane saboda ribar Sallah, ya tara."

Ta faɗa da ƙarfi yadda matan da ke layi za su ji. Daga ranar ta riƙe wannan magana, a bakin famfo, a gidan maƙwabta, a waya. Har wasu suka fara yaba mata da tsoron Allah da hangen nesa. Amma in ta koma gida, ba cutar ke ranta ba. Tambaya ɗaya ce: ina yarinyar nan ta samo kaya alhali iyaka a rufe take?

Zuwera, wata tsohuwar mai sayenta, ita ta ba ta amsa ba tare da ta san tana yi ba.

"Ai daga Yendi ne, wajen Alhaji Mikaila. An ce sitonsa cike yake tun kafin a rufe."

Rafi'atu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Alhaji Mikaila abokin marigayi mijinta ne. Ita ce ma ta fara kai Anisatu wurinsa, ta ce ga ƙanwarta.

Da azumi a bakinta ta shiga mota zuwa Yendi. Ta tarar da shagon Alhaji a kulle, sai gida ta same shi, zaune a zaure kan buzu. Ya nuna mata tabarma can nesa da shi. Bayan gaisuwa ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ya ce, "Kayya, Rafi'atu. Ni ga tsufa ga ciwon suga, 'ya'yana sun hana ni fita kasuwa. Kaya kuma ba za su zauna Sallah ta wuce su ba. Ke na fara tunawa, wallahi. Anisatu ta zo ta ɗauki kaɗan, na ajiye miki sauran. Sai labari ya iso ni cewa kin ce ba za ki buɗe ba sai cutar ta wuce. Na ce madalla, ashe ra'ayinmu ɗaya. Shekaranjiya na aika mata da ragowar."

"Duka, Alhaji?"

"Duka. Ai ba ta tafi wurin bare ba. Ƙanwarki ce."

Bai bar ta ta koma hannu rabbana ba. Ya sa aka tattaro mata 'yan turame da suka rage a ɗakin matarsa, ƙunshi ɗaya da za ta iya ɗora wa cinya. Haka ta riƙe shi a mota har Salaga, tana kallon gonakin doya ba ta ganin su. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta tuna igiyar nan ta ƙofar Anisatu.

Da ta iso ba gida ta nufa ba. Ta bi ta wurin 'yan tankas, ma'aikatan da ke duba tsaftar gari, waɗanda aka ɗora wa sa ido kan sharuɗan buɗewar. Ta gaya wa babbansu cewa a layin masu zane akwai shagon da mata ke cushewa kamar gidan biki, wasu ba takunkumi. Ba ƙarya ta yi ba, don kusa da Sallah haka abin ya koma. Ta roƙe shi kada ya ambaci sunanta.

Washegari ta buɗe nata shagon. Ta share, ta baza ƙunshin Yendi a kantocin gaba yadda zai rufe wuraren da ba kaya, ta aro bokiti ta ajiye. Anisatu ta yi murna har ta kawo mata sabulu.

"Yau layi ya cika, Yaya."

Rafi'atu ta ce, "Uhm."

Da hantsi 'yan tankas suka zo. Suka tarar da mata cunkushe a ƙofar Anisatu, wasu sun malalo har gaban shagon Rafi'atu da na tela da ke gaba. Babbansu ya duba hagu da dama ya ce layin ya yi matsi, ba yadda za a raba mutane a cikinsa. Ya ba da umarni a rufe shi gaba ɗaya sai bayan Sallah.

Rafi'atu ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ni yau na buɗe. Ba kowa a shagona."

Ya dube ta, ya gane ta sarai, ya ce, "Mma, doka ba ta shago ɗaya ba ce."

Tela ya yi ta faɗa, ga ɗinkin mutane jibge a kan kekensa. Anisatu kuwa ta shiga tattara kayanta. Ta kira mai motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na dakon kaya, aka kwashe mata komai zuwa gida. Daga nan ta shiga bin gidaje da ƙauyukan kewaye da kayan a bayan motokin. Kafin a ga wata ta sayar da kusan duka. Ƙunshin Rafi'atu kuwa a ɗakinta ya yi Sallah.

Salaga ba ta da girman da za ta ɓoye irin wannan magana. Anisatu ta ji wanda ya kai ƙarar. Ba ta tunkare ta ba, kuma in sun haɗu tana gaishe ta da Yaya kamar da. Amma da aka sake buɗe layin ba ta dawo ba. Ta kama ɗaki kusa da tashar mota, inda matan ƙauye da suka saba da ita suke sauka. Tsohon ɗakinta wani mai maganin feshin gona ya shiga, warin kayansa ya hana mata tsayawa a wurin.

An daɗe kafin kayan Jibirilu su fara zuwa, kaɗan-kaɗan. Wata rana da yamma Rafi'atu na zaune tana korar ƙuda, sai ga Zuwera, wadda rabonta da shagon tun kafin cutar.

"Mma Rafi'a, leshi nake nema na sunan jikata. Na je wurin Anisatu, ta ce irin wanda nake so ba ta da shi, sai wajenki."

Rafi'atu ta sauko da leshin ta warware mata. Zuwera ta shafa, ta ɗaga shi a haske, suka daidaita. Tana naɗe mata shi a leda ta tambaya, ba tare da ta ɗago kai ba.

"Can wurin nata, akwai mutane?"

"Ai ko wurin zama ban samu ba. Har ta fasa bango ta haɗa da ɗakin gefe."

Rafi'atu ta ja bakin ledar ta ƙulle shi tam, har sai da ya yage. Ta ɗauko wata ta sake zubawa.

"Allah ya ƙara," ta ce.