Ba Haka Ake Faɗuwa Ba

Ɗan Wasa ya shafa garin alli a leɓɓansa, ya juya idanu sama, sannan ya saki jiki ya zube a gaban allo yana shure-shure. Aji ya kwashe da dariya. 'Yan baya suka hau kan benci don kada a ba su labari, wani yana dukan tebur, wata tana share hawaye da bayan hannu. Ita kanta Malama sai da ta kare bakinta da littafi.

Auta ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta riƙe gefen teburinta da hannu biyu.

Haka tsarin Malama yake da duk littafin labarin da aka sa musu: a karanta babi, a fito a kwaikwaya, sannan kowa ya miƙe ya faɗi abin da ya ji a ransa. Ba ta son amsar hadda. Takan ce wanda zai karanta labari bai ji komai ba, gara ya zauna ya karanta bayan kwalin sabulu. A wannan fage kuwa Auta ce gwana. Ita ce ta taɓa cewa jarumin wani littafi ba jarumi ba ne, mai sa'a ne kawai, aka kwashe darasi guda ana musu da ita. Malama tana yawan cewa yarinyar nan kan manya gare ta, ba ta san rabin maganganun ba na Auta ba ne.

Littafin wannan zangon mai koren bango ne, labarin wani gari a bakin kogi. A cikinsa akwai ɗan mai kwale-kwale, yaro mai farfaɗiya, wanda marubucin ke jawowa duk lokacin da yake son masu karatu su ɗan huta da dariya. Yau babin faɗuwarsa a kasuwa ake kwaikwaya, kuma ana gamawa Malama za ta fara nuna mutane ɗaya bayan ɗaya. Auta ta san za a zo kanta, ta kuma san abin da aka hana ta faɗa tun tana ƙarama.

* * *

A bayan gidan burodin su Auta, kusa da ɗakin da ake jibge buhunan fulawa, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. A nan Yaya, wan Auta, yake zaune. Maƙwabta sun san mai burodi yana da ɗa namiji, amma an gaya musu yana can wani gari wajen kawunsa yana koyon gyaran mota. Ma'aikatan gidan ma haka suka sani.

Ba a banza aka yi wannan ƙarya ba. A tsohuwar unguwarsu, farfaɗiya ta taɓa kayar da Yaya a bakin shago da tiren burodi a hannu, yawu ya zuba a kan tiren, mutane na kallo. Kafin wata ya ƙare ciniki ya mutu murus, don kowa ya yarda ciwon a yawu yake, ana kuma ɗauka. Baba ya sayar da abin da zai sayu, suka tashi. Tun ranar da suka sauka a nan ya kafa doka: Yaya ba makaranta, ba ƙofar gida, ba asibiti inda wani zai gan shi a layi. In ma'aikata sun tashi da yamma an kulle ƙofar waje, sai ya fito tsakar gida ya sha iska. Baba ba mugu ba ne, yana son ɗansa, amma tsoro ya riga ya cinye shi.

Littattafan Auta su ne makarantar Yaya. Tana ajiye jaka zai miƙo hannu, ya zauna ƙarƙashin tagar nan ya cinye littafi kafin ita ta kai tsakiya. Da yamma su zauna a kan buhu suna gardama, yana tsokanarta wai ita duk wanda ya yi kuka a labari shi ne mai gaskiya.

Wannan koren littafin ne kaɗai ta ɓoye masa. Ita ta riga ta leƙa ƙarshensa, kuma ranar ko abinci ba ta iya ci ba. Ta ce masa ba a raba musu ba tukuna. Sai wata yamma ta fito daga wanka ta same shi da littafin a cinya, ya kai wajen rabi, fuskarsa na sheƙi.

"Auta, ashe ana sa irinmu a littafi?" ya ce.

Ta ce ai marubucin wasa yake da yaron. Ya ce ya gani, amma shi ya lura yaron ya fi kowa sanin kogin, shi ke gane inda ruwa ke da zurfi. Ya ce ta zuba ido, irin wannan shi ke ceton gari a ƙarshe, ya karanta littattafai da yawa ya san halin marubuta. Ta karɓe littafin da cewa tana da aikin gida, daga ranar kuma ta koma barinsa a makaranta.

* * *

Ɗan Wasa yana kwance har yanzu, yana jin daɗin kasuwarsa. Malama ta tafa hannu aka yi shiru, ta fara tambaya. Wani ya ce babin ya ba shi dariya. Wata ta ce ya koya mata a riƙa tausaya wa marasa lafiya, Malama ta ce wannan amsar bayan kwalin sabulu ce. Sannan ta juyo ta nuna Auta, ta ce yau gwanar tasu ta yi tsit, lafiya?

Auta ta miƙe. Ta riga ta shirya amsa mai sanyi wadda ba za ta cuci kowa ba, tana ma kan harshenta. Sai wani yaro ya miƙa hannu zai ɗaga Ɗan Wasa, wani daga baya ya ce kada ya taɓa shi ya kwashi rabonsa. Dariya ta sake tashi.

"Ba haka ake faɗuwa ba," in ji Auta.

Kowa ya ji. Ta ce marubucin nan bai taɓa zama da mai ciwon ba, daga nesa ya hango. Ta ce kafin abin ya zo mutum yakan yi shiru, ya ji wani wari da babu wanda ke ji, ya fara neman inda zai zauna don kada kansa ya bugu. Ta ce ba ya tashi yana karkaɗe riga yana zare ido kamar yadda aka rubuta. Yakan farfaɗo a gajiye, harshe a fashe, wani lokaci wando a jiƙe, kuma abin da yake fara faɗa shi ne a yi haƙuri, alhali shi aka kayar. Ta ce ta tsani littafin, ta tsani wanda ya rubuta shi. Tana jin kanta tana magana, tana so ta tsaya, bakin ya ƙi.

"Kuma ba a ɗauka. Sau nawa ina goge masa baki da hannuna, me ya same ni?"

Ajin ya yi tsit, har ana jin malamin ajin gaba yana koyar da lissafi. Doguwa, ƙawarta da suke benci ɗaya tun ajin farko, ta ɗago kai.

"Wa kike goge wa baki?"

Malama ta yi saurin cewa Auta ta yi bincike ne, haka ake son ɗalibi, kowa ya buɗe babi na gaba. Amma maganar ta riga ta fita. Da Auta ta zauna, sai ta ga Doguwa ta janye jakarta daga tsakaninsu ta ɗora a cinya. Uwar Doguwa tana da shago a bakin titi, kuma burodinsu take sayarwa.

* * *

Ba a kwana biyu ba masu kai burodi shaguna suka fara dawowa da kwanduna a cike. Wannan ya ce an ce masa na jiya bai ƙare ba, wancan ya ce an ce a dakata sai an neme su. Mai kwaɓa fulawa, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, ya rataye rigar aikinsa ya ce zai je duba mahaifiyarsa, bai sake dawowa ba. Yaran unguwa suka gano tagar baya. Da rana tsaka sai a ji su a kan katanga suna ɗaga juna, suna kiran mai ciwon ya faɗi su gani.

Baba bai doke ta ba, ita kuwa da dukan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya kira ta ɗakin gashi, ga burodi jere a kan katako har sama yana hucewa ba mai ɗauka. Ya dubi burodin, sannan ya dube ta.

"A kan littafi, Auta? Yaron da babu shi a duniya, shi kika tsaya wa, kika tona na gidanku?"

Ta so ta ce ai na gidan ta tsaya wa. Ta dubi fulawar da ta maƙale a furfurar gemunsa, ta kasa. Mama tana bakin ƙofa tana murza hannu, tana cewa yarinta ce, a yi haƙuri, ba tare da ta san wa take ba haƙurin ba.

Malama ta zo da kanta ranar da babu makaranta. Ta tsaya a shago ta yi wa Baba bayani a hankali: ciwon yana da magani, masu shan sa suna karatu suna aiki, ita za ta raka su asibiti. Baba ya saurare ta da ladabi har ta gama, sannan ya ce ya gode, amma shi ɗansa yana wajen kawunsa. Ta sayi burodi, ta tsaya a bakin titi ta ɓare leda, ta gutsura ta ci a gaban kowa. Masu wucewa suka kalle ta suka wuce, ba wanda ya shigo.

Tana tafiya Baba ya ɗauko falanki da guduma. Ya rufe tagar baya ruf, don yaran su daina leƙe. Ya sa kwaɗo a ƙofar, ya ce daga yau ko tsakar gida babu, sai ƙura ta lafa, in ta lafa. Da ake buga ƙusa ta ƙarshe ma Yaya ne ya riƙe falankin daga ciki don kada ya karkace.

* * *

Da yamma Auta ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙofar ɗakin Yaya. Daga ciki ya ji numfashinta.

Ya ce ta daina kuka, ya ji duk abin da ta faɗa a aji daga bakin Mama, kuma in da shi ne malamin da ya ba ta maki cikakke. Ya ce abu ɗaya ne ke damunsa, ɗakin ya yi duhu, ba ya ganin ko tafin hannunsa, ga shi bai san yadda aka ƙare da mutuminsa ba. Ya roƙe ta ta karanta masa babin ƙarshe.

Ta ɗauko littafin daga jaka, don yau ta dawo da shi gida, ta buɗe a kan gwiwa. Ta gyara murya ta fara. Ta ce ruwa ya cika ya tumbatsa, gada ta karye, mutanen gari suka taru a bakin kogi ba mai iya ƙetarawa. Ta ce ɗan mai kwale-kwale ya kwance igiya, ya ce duk mai so ya shigo. Da farko suka ja baya, sai wata tsohuwa ta shiga, sai mai goyo, sai kowa. Ta ba shi sanda a hannu, ta kai shi tsakiyar ruwa, ta kauce da shi daga duwatsu, ta sauke mutane lafiya a ɗaya gaɓar suna sa masa albarka. Maganar tana zuwa mata da sauƙi, har ta fara ganin abin da idonta.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Tun ɗazu ban ji kin juya shafi ba."

Ya yi 'yar dariya, ya ce labarinta ya fi daɗi, amma shi ba yaro ba ne, ta karanta masa abin da aka rubuta.

Ta juya zuwa shafin. Abin bai fi layi kaɗan ba, an cusa shi tsakanin shirin bikin jarumin littafin da saukar baƙi. Ta karanta da murya ƙasa-ƙasa: wata safiya ciwon ya kama yaron a cikin kwale-kwale, ya faɗa ruwa, aka tsamo shi washegari, mutanen gari suka ce ya huta. Nan ta tsaya.

Mama ta fito daga kicin da kwanon abincinsa a hannu ɗaya, mabuɗi a ɗayan, ta tsaya a tsakar gida da ta ga suna magana.

"To iyayensa fa?" Yaya ya tambaya. "Me aka ce a kansu?"

Auta ta dubi layin da ke biye, inda aka rubuta cewa su ma sun huta. Ta ɗora yatsa a kansa ta danne. Mama tana tsaye tana jiran ta matsa daga bakin ƙofa, abincin yana hucewa a hannunta.