Masu Gadi Goma Sha Biyu

Jiya Talata, ana zafin da kwalta ke laushi, na yi wani mafarki da rana tsaka a kan buhunan fulawa, a gidan burodin Goggo Tasalla. Gwajin mako guda ta ba ni na kula da ma'aikatanta, ta ce in na iya, kujerar shugaban ma'aikata tawa ce. Aikina na ranar ɗaya ne tak: in tabbatar Malam Ilu mai gashin burodi ya shigo kafin kwaɓi ya tashi. Na sa wa ƙofa sakata, na ce bari in ɗan miƙe baya.

Sai ga ni a wani gidan burodi mai hawa uku. Ruwan sama daga ƙasa yake tashi yana komawa gajimare, kowa ya ɗaura lema a ƙafa. Manajan wani bunsuru ne mai tabarau, yana tauna takardun neman aiki.

Ya ce, "Badamasi, kwaɓi yana tashi. Ɗauko min ma'aikata goma sha biyu kafin ya taɓa rufi. In ya taɓa, ka sauke kujerar nan."

Na shafa kaina, ashe a can kujerar take.

Sai layi a ƙofa. A garin nan mai neman aiki ne yake yin tambayoyi. Na farko wani dogo ne riƙe da kulki.

"Kai ɗan wane ne?"

Na faɗa masa.

"Kai, ashe ɗan gida ne! Kakata da kakarka rijiya ɗaya suke ja. Na yarda ka ɗauke ni."

"To, me ka iya?"

"Gadi."

Na rubuta. Na biyu ƙanin matarsa ne, da wane ido zan ce a'a? Shi ma gadi. Na uku ya zo da gaisuwa daga na biyu. Kafin in ɗaga kai na cika sha biyu, kowa da kulki da usur. Suka zagaye kwaɓin suna hura masa.

Bunsuru ya leƙo. "Wa zai gasa?"

"Ranka ya daɗe, sha biyu ka ce, ga sha biyu."

"Madalla da lissafi. Wa zai gasa?"

Dogo ya ce, "Mu dai babu mai sace shi."

Sai ga Malam Ilu a ƙofa, rungume da farantai. Na ruga, masu gadi suka riga ni.

"Baba, wa ka sani a ciki?"

"Tanderu na sani."

"Tanderu ba dangi ba ne. Koma."

Kwaɓi ya taɓa rufi, ya ɗaga shi a hankali, suka bi ruwan sama tare. Bunsuru ya sauke kujerar daga kaina cikin ladabi, ya fara cin ta daga ƙafa.

Ƙarar faranti ce ta tashe ni, Goggo tana buga shi a jikin taga.

"Badamasi, ɗan nema! Awa guda Malam Ilu yana ƙwanƙwasa ƙofa, har ya gaji ya tafi gida!"

Kwaɓi ya malalo har ƙarƙashin ƙafata, ya yi tsami. Na zare sakata, Goggo ta shigo ta dube shi, ta dube ni, dariya ta ƙwace mata. Ta ce daga gobe ni ne mai gadi, tunda na iya hana mutane shiga.

Abin da aka rasa: kwaɓin buhu biyu, silifas ɗina ƙafa ɗaya, da kujera guda.